Ɗaga Hilux don hanyar daji: sifesa, ƙarin falle ko cikakken saiti?

Mai Hilux da ke yawan sauka daga kwalta, ko ba daɗe ko ba jima zai fara tunanin ɗaga ta. Wani gindin motarsa ne ke gurzar ƙasa a hanyar gona da damina, inda tarakta da manyan motoci suka haƙa rami biyu suka bar tudu a tsakiya. Wani kaya ne suka danne bayan motar har sifirin ya miƙe sambal. Wani kuma, a faɗi gaskiya, tsayin ne kawai ya burge shi. Duk cikinsu wanda ya je Ƙofar Ruwa a Kano, ko Panteka a Kaduna, ko Ladipo a Legas, za a ce masa akwai kayan ɗagawa. Matsalar ita ce abubuwan da ake sayarwa da wannan suna sun kai iri biyar, aikinsu daban, kuma mafi tsada ya ninka mafi araha fiye da sau 20.

Zan tsaya a kan Hilux mai jan taya huɗu, samfurin 2005 zuwa 2015 da ake kira Vigo da wanda ya biyo baya daga 2015, wato Revo. Ƙirar ƙafafunsu iri ɗaya ce a tsari: a gaba kowace taya tana motsi ita kaɗai, da hannun sama da na ƙasa, da shokozoba a cikin sifirin mai naɗi, a baya kuwa aksul ne guda ɗaya miƙaƙƙe, da sifirin mai falle-falle a kansa. Yawancin abin da zan faɗa game da gaba ya shafi Prado 120 da 150 da Fortuner, domin gabansu haka yake, sai dai su bayansu sifirin mai naɗi ne.

Abubuwan da za a auna kafin a ciro kuɗi

Na farko, kuma wanda aka fi tsallakewa, shi ne nauyin da ke zaune a kan motar kullum. Ba buhunan da kake ɗaukowa sau ɗaya a kaka ba, nauyin da ba ya sauka: bambar ƙarfe, winci, kariyar ɗora kaya a kan rufi, tankin mai na biyu, akwatin kayan aiki, taya sifiya biyu. Kamfanonin da ke ƙera sifirin suna rarraba na baya ne bisa wannan, galibi daga babu kaya zuwa kilo 300, sai mai ɗauke da kilo 300 kullum, sai mai ɗauke da kilo 500 ko 600 kullum. Na gaba kuma ana tambaya ko akwai bambar ƙarfe, ko bamba da winci. Idan ka sa sifirin kilo 600 a motar da ke yawo wayam, za ta riƙa tsalle, bayanta ya riƙa zamewa a kan gargada, fasinjan baya ya tsine maka. Idan ka sa mai taushi a ƙarƙashin kaya masu nauyi, cikin 'yan watanni tsayin da ka saya zai koma inda ya fito.

Na biyu irin hanya. Laka da kwazazzabai suna buƙatar tsayi da taya mai iya sauka ta taɓa ƙasa. Doguwar hanyar burji mai gargada, irin wadda ake shafe sa'o'i ana bi, ita shokozoba take ci: man da ke cikinsa ya yi zafi ya yi kumfa, sai ya daina riƙe sifirin, motar ta fara lilo. Rairayi irin na Yusufari a Yobe ko na Tenere tsakanin Agadas da Bilma kuwa, rage iskar taya da rage kaya sun fi kowane tsayi amfani a cikinsa.

Na uku, tsayi nawa. A gaban Hilux akwai iyaka, kuma iyakar tana wajen milimita 40 zuwa 50, wato inci 2. Dalili shi ne difiranshan gaba a jikin shasi yake ɗaure. Duk lokacin da ka ɗaga shasi, shaf ɗin da ke kai ƙarfi ga taya sai ya ƙara karkata, robar da ke rufe gaɓarsa ta riƙa gogar kanta har ta yage, giris ya zube, ƙura ta shiga. Hannun sama ma yana kusantar ƙarshen motsinsa, bol-join ya matse, alaimen ya ƙi zama daidai. Ƙasa da milimita 50 yawanci ana sha da kayan asali. Sama da haka sai an sauya hannun sama, wani lokaci a sauke difiransha da kamar milimita 25.

Akwai wani abu da mai sayarwa ba zai yi saurin faɗa maka ba. Ɗaga mota ba ya ɗaga tulun difiranshan baya ko da milimita ɗaya, domin shi a kan taya yake zaune. Abin da ke ɗaga shi girman taya ne. Taya 265/65R17, wadda da yawa daga cikin Hilux na alfarma ke zuwa da ita, tsayinta kusan milimita 776 ne. 265/70R17 tana da kusan 803, wato difiransha ya tashi da milimita 13 kacal. 285/70R17 tana kaiwa 831, ribar milimita 27, amma sai an yanke ko an bubbuge wasu wurare a bayan tayar gaba kafin ta daina goga, mitar gudu ta riƙa nuna ƙasa da gaskiya da kusan kashi 7 cikin 100, mota ta yi nauyin tashi, shan mai ya ƙaru. Abin da ɗagawa ke ba ka shi ne cikin motar, bamba da tankin mai su yi nisa da ƙasa, da kuma wurin sa taya mai ɗan girma.

Sauran ma'aunan gajeru ne. Kuɗi, a haɗa da ladan makaniki da alaimen da kuɗin fito, ba farashin kwali kaɗai ba. Gyara, wato in abu ya lalace a gari mai nisa irin Gembu a Taraba ko Dirku a Nijar wa zai taɓa shi. Sai haɗari: mota mai tsayi ta fi saurin kifewa. A 2016 mujallar motoci ta Sweden, Teknikens Värld, ta gwada kauce wa abu ba zato da Hilux sabuwa fil a gudun kilomita kusan 60 a sa'a, tayoyin gefe ɗaya suka tashi daga ƙasa, har Toyota ta koma ta gyara na'urar daidaita motar. Wannan motar ba a ɗaga ta ba. Ka ƙara mata inci 3, ka jibga jarkoki a rufi, ka yi lissafin da kanka. Kuma ɗagawa ita kaɗai ba ta ƙara wa mota halattaccen nauyin kayan da kamfani ya rubuta mata, wanda a Hilux bai wuce kusan tan ɗaya ba har da direba da fasinja. Birki da shasi da aksul suna nan yadda suke.

Sifesa a gaba, dogon shakul ko bulo a baya

Sifesa zobe ne na alminiyom ko ƙarfe ko roba mai tauri da ake ɗorawa a saman shokozoban gaba. Saboda shokozoban a tsakiyar hannun ƙasa yake ɗaure, zobe mai kaurin milimita 25 yana ɗaga motar fiye da kaurinsa, ya kusa ninki biyu. A baya ana sa shakul mai tsawo, wato ƙarfen da ke haɗa ƙarshen sifirin da shasi, wanda ke ba da rabin ƙarin tsawonsa, ko a sa bulon ƙarfe tsakanin aksul da sifirin.

Arha kam ba a magana, dala 100 zuwa 200 a kasuwannin waje, kuma kowane makaniki zai ɗaura shi kafin la'asar. Zoben kansa ba ya lalacewa. Abin da yake lalatawa shi ne maƙwabtansa. Ya ƙara wa shokozoba tsawo gaba ɗaya, don haka in taya ta faɗa rami sai ta sauka fiye da yadda aka tsara, hannun sama ya daki sifirin, bol-join ya sha wuya. In kuma motar ta dira da ƙarfi, shokozoba na iya kaiwa ƙarshensa kafin robar da aka sa don tare dukan ta yi aikinta, ya lanƙwashe. Sifirin ɗinka da shokozobanka tsofaffin ne dai, ba su ƙara ƙarfi ba. Bulon baya kuma yana sa aksul ya riƙa murɗa sifirin in an taka mai a rairayi, sai tayar baya ta kama tsalle. Ga wanda ke so gaban motar ya daidaita da bayanta a cikin gari, ba laifi. Sai dai ka tuna Toyota da gangan ta bar bayan ya fi tsayi, don in an loda kaya motar ta daidaita. In ka daidaita ta wayam, da kaya hancinta zai kalli sama, fitila ta riƙa kashe wa masu tahowa ido.

Masu tsohuwar Hilux ta 1997 zuwa 2005 da Land Cruiser 100 suna da irin wannan hanyar kyauta: a ɗaure notin sandar murɗi da ke riƙe gaba. Milimita 20 zuwa 30 ba damuwa. In an zarce, taya ba ta da sauran wurin sauka, mota ta koma bugu.

Ƙarin falle da bugun sifirin

Wannan tsohuwar sana'a ce a garejojinmu, masu a-kori-kura da ke zuwa kasuwannin ƙauye sun san ta tun kafin a fara shigo da kwalaye daga Ostareliya. A kwance sifirin, a ƙara falle ɗaya ko biyu, a sa dogayen yu-bol da doguwar kusar tsakiya. Wasu kuma su bubbuge fallayen da guduma don su dawo da lanƙwasarsu.

Ƙarin falle yana aiki, musamman ga kaya, kuma shi ne abin da za a iya gyarawa a kowane gari da ke da maƙera. Bugu kuwa na ɗan lokaci ne: ƙarfen da ya gaji ya gaji, zai sake kwanciya, kuma wurin da guduma ta ji masa rauni nan yake fara tsagewa. In aka gasa shi da wuta ba tare da an mayar masa da taurinsa yadda ya kamata ba, ya mutu. Raunin wannan hanya biyu ne. Ba ta taɓa gaba ko kaɗan. Sannan shokozoban baya na asali gajere ne kuma an auna shi ne da sifirin mai taushi, don haka in ba a sauya shi ba, ba zai iya riƙe sabon taurin ba, kuma shi zai riƙa tare aksul in taya ta sauka, har idonsa ya tsinke. Wanda zai bi wannan hanyar ya haɗa da shokozoba mai ɗan tsawo.

Ɗaga bodi

A nan ba a taɓa ƙafafu. Ana sa bulo na milimita 25 zuwa 50 tsakanin bodi da shasi. Shasi, inji, giya da tankin mai duk suna inda suke, saboda haka cikin motar bai ƙara nisa da ƙasa ba. Wurin taya kawai aka samu. Aikin yana da ƙananan wahalhalu masu yawa, sandar sitiyari, lagireto da murfin fankarsa, sandar giya, bututun zuba mai, ga gibin da ke bayyana tsakanin bamba da bodi. A mota mai jakar iska ban ba da shawararsa ba, kuma in da kusoshin da ba a san ƙarfinsu ba za a yi shi, gara a bari.

Cikakken saiti na inci 2

Wannan shi ne sabon sifirin gaba da baya, shokozoba huɗu da aka auna da su, bushin, yu-bol, galibi har da shakul mai wurin zuba giris. Sunayen da aka sani su ne Old Man Emu na kamfanin ARB, Ironman 4x4, Tough Dog da Dobinsons, dukkansu na Ostareliya, sai Bilstein na Jamus wanda ya fi shahara a shokozoba. Dobinsons tun 1953 suke ƙera sifirin a garin Rockhampton. Ba banza ba ne kasuwar ta faɗa hannun 'yan Ostareliya: Hilux da Land Cruiser ne motocin dajinsu, ga zafi, ga ƙura, ga doguwar gargada, ga kaya. Wanda ya bi hanyar Agadas zuwa Arlit zai gane abin da suka ƙera kayan dominsa.

Farashi a waje yana kamawa daga wajen dala 1,200 zuwa 2,000, kafin kuɗin jirgi da na kwastan, kuma sifirin baya nauyi gare shi, jigilarsa ba arha. Ɗaurawa aikin yini ne ga makanikin da ke da abin matse sifirin mai kyau. Sifirin gaban Hilux in ya kuɓuce yana iya kashe mutum, kada a yarda da matsewa da igiya ko ƙarfen da aka haɗa da walda.

Cikin wannan rukuni akwai zaɓi na biyu, irin shokozoba. Mai bututu biyu, kamar Nitrocharger na Old Man Emu, yana da kwanson waje da ke kare na ciki, dutse ya buge shi ya loɓa ya ci gaba da aiki, kuma ya fi taushi a ƙananan ramuka. Mai bututu ɗaya, kamar Bilstein ko IMS na Dobinsons, yana raba mai da iskar naitirojin da fistin, ya fi saurin hucewa, ya fi jure gudu a gargada, amma loɓawa ɗaya a jikinsa ta gama da shi. Akwai na tsakiya, mai soso a ciki maimakon iska, irin Foam Cell na Ironman da Tough Dog, mai kauri ne, yana ɗaukar mai da yawa, shi ya sa yake jinkirin yin zafi. Ga motar aiki mai kaya, ni na fi karkata ga mai bututu biyu ko mai soso. Ga mai gudu a buɗaɗɗen fili da ƙaramin kaya, mai bututu ɗaya.

Bayan ɗaurawa akwai abubuwan da in an bar su kuɗin ya tafi a banza. A ɗaure kusoshin bushin ne bayan an sauke motar ta tsaya a kan tayoyinta, in ba haka ba robar za ta zauna a murɗe ta yage da wuri. A yi alaimen. A duba tiyon birki da wayar ABS, na'urar hana taya kullewa in an taka birki, ko sun miƙe in aksul ya sauka. A Hilux marar ABS akwai bawul a baya da ke rage ko ƙara ƙarfin birki gwargwadon kaya, yana gane kayan ne daga tsayin motar. In an ɗaga ba a gyara sandarsa ba, zai ɗauka kullum wayam take, birkin baya ya raunana. In farfela ta fara kaɗawa wajen tashi, ana sauke abin riƙonta na tsakiya da 'yan milimita. A sake ɗaure yu-bol bayan kilomita 500 zuwa 1,000. A daidaita hasken fitila.

Babban haɗarin wannan zaɓi shi ne jabu. Fenti rawaya da sitika ba wuya. Kowane sifirin da shokozoba na gaske yana da lambar kaya a jikinsa, a duba ta a kundin kamfanin a intanet, a tabbatar ta dace da samfurin motar da nauyin da aka zaɓa. Na hannu kuma, wanda aka ciro daga motar da ta yi haɗari, sifirin ana iya saye in an auna tsayinsa, shokozoba kuwa ba ka ganin cikinsa.

Manyan kaya: shokozoba mai tulu da ɗagawar inci 4 zuwa 6

Abu biyu ne a nan, na haɗa su ne don tsada. Na farko shokozoba mai ƙaramin tulu a gefe da ke ƙara yawan mai, irin BP-51 na Old Man Emu, MRR na Dobinsons, ko Fox da King na Amurka, yawanci da sabon hannun sama. Saiti yana kaiwa dala 3,000 zuwa 5,000, wani ya wuce. A gargada babu kamarsu, kuma ana iya saita taurinsu. Amma an ƙera su ne don a riƙa kwancewa ana sauya mai da roba ana cika naitirojin lokaci-lokaci, wasunsu kuma gaɓoɓinsu na ƙarfe ne tsirara, ƙurar hunturu tana cinye su su fara ƙara. In babu mai yi maka wannan hidimar kusa, shekara biyu za ka ga mai yana tsiyaya daga abin da ka saya da kuɗin ƙaramar mota.

Na biyu ɗagawar inci 4 zuwa 6, wadda ake sauke dukkan ƙafar gaba da difiransha da sababbin ƙarafa, irin da ake gani a motocin nuni na Tailan da Dubai. Galibi sai an yanke wani sashe na shasi, ba komawa baya. Ƙarafan da aka sauke suna nan ƙasa, don haka tazarar da aka samu ba ta kai yadda ido ke gani ba. Hanyar hawan Mambila mai kwana-kwana ba wurin irin wannan motar ba ne.

| Zaɓi | Tsayi | Kimanin farashi a waje | Ƙarko | Sauƙin ɗaurawa da gyara | Haɗari |
|---|---|---|---|---|---|
| Sifesa da shakul ko bulo | mm 25–50 | dala 100–200 | yana gajiyar da bol-join da shokozoba | mai sauƙi ƙwarai | matsakaici a daji |
| Ƙarin falle | mm 20–40, baya kaɗai | arha, aikin gida | mai kyau in fallen sabo ne | ko'ina | tauri, karyewar tsohon falle |
| Ɗaga bodi | mm 25–50, bodi kaɗai | dala 150–400 | ya dogara da kusoshi | aiki mai yawa | sitiyari, jakar iska |
| Cikakken saiti | mm 40–50 | dala 1,200–2,000 | mafi kyau | makaniki mai kayan aiki | ƙarami, sai jabu |
| Mai tulu da hannun sama | mm 50–75 | dala 3,000–5,000 | sai da hidima | ƙwararre | robar shaf, tsiyayar mai |
| Inci 4–6 | mm 100–150 | dala 1,500 zuwa sama, ban da taya | ya bambanta | yanka shasi | babba, kifewa |

Wa ya dace da wanne

Manomi ko ɗan kwangila da ke ɗaukar taki, siminti ko janareta a hanyar ƙauye, matsalarsa baya ce. In kuɗi sun yi kaɗan, sabon falle da shokozoban baya mai tsawo sun isa wannan daminar. In da hali, cikakken saiti da sifirin kilo 300, domin rabin tafiyarsa wayam yake dawowa.

Motar ƙungiya, ta ma'aikatar lafiya ko ta masu haƙar ma'adinai, da ke ɗauke da bamba, winci, tanki da kariya ba dare ba rana, ita ce ta sifirin kilo 500 zuwa 600 da shokozoba mai soso ko mai bututu biyu. In motocin da yawa ne, a sa musu iri ɗaya, a ajiye shokozoba biyu da bushin a sito.

Mai ratsa hamada ya sa kuɗinsa a shokozoba da taya, ya tsaya a inci 2, ya sauko da jarkoki daga rufi zuwa cikin bodi. Mai tulu ya dace da shi ne kawai in ya san inda za a yi masa hidima. In bai sani ba, mai bututu ɗaya da sifiya guda a bayan kujera.

Mai yawo a gari da ke zuwa ƙauye da salla, taya 265/70R17 mai ƙarfin gefe ita kaɗai za ta iya biya masa buƙata. In gaban ya dame shi, ƙaramin sifesa da bai ɗaga fiye da milimita 25 zuwa 30 ba. Wanda motarsa ke cikin garanti ya tambayi dila tukuna.

Mai Land Cruiser 79 ko 80 lissafinsa ya ɗan bambanta, tun da gabansa aksul ne miƙaƙƙe: inci 2 zuwa 3 ba sa takura shaf, amma sai an sa bushin gyaran kasta, wato karkatar aksul ɗin gaba da ke sa sitiyari ya zauna daidai, in ba haka ba sitiyari zai riƙa yawo a kan kwalta. Mai Prado kuwa ya leƙa ƙarƙashi ya gani ko motarsa tana da tsarin KDSS, na'urar Toyota mai aiki da mai da ke rage kwanciyar mota a kwana, kafin ya yi oda, domin kayan da hanyar ɗaurawar ba ɗaya ba ne da na wadda ba ta da shi.